Ranar da Uku Ta Zama Talatin

Mai gidan ya rasu da damina, kafin ruwa ya ɗauke magada suka yanke shawarar sayar da gidan. Babban ɗansa ne ya zo da kansa ya sanar da ɗan hayarsu, wani tsohon mai gyaran agogo da unguwa ke kira Mai Banki. Ya zauna a bakin kujera yana murza makullin mota. Ya ce ba son ransa ba ne, ƙanne sun matsa, amma ba zai sayar wa baƙo ba alhali Baba, wato tsohon, na ciki fiye da shekara talatin. In Baba na so, nasa ne, ya kawo kuɗin kafin ƙarshen wata. Ya faɗi farashin a hankali, kamar mai isar da saƙon mutuwa.

Tsohon ya cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, ya yi lissafi a ka.

"Na saya," ya ce.

A kicin, ƙarar ludayi ta tsaya.

Sunan Mai Banki yana da tarihi. Shekara ashirin da suka wuce matarsa, wadda yake tsokana da Shugaba, ta samu gadon gonar mahaifinta aka sayar. Ita fili take so a bayan gari, ko ɗaki biyu ne a ɗora. Shi kuma wani ma'aikacin banki da ya kawo gyaran agogo ya cika masa kunne da zancen hannun jari. Ya yi ta lallashinta har ta gaji ta miƙa masa kuɗin. Ya sayi hannun jari dubu sittin, kowane a kan naira takwas.

Daga nan farashi ya kama gangara. Shida, biyar, uku. Bayan garin da ta so ya samu kwalta, aka buɗe kantin magani da makaranta. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ajiye masa abinci take yi ta juya.

Kullum da safe yakan tsaya wurin mai jarida ya duba layi ɗaya a shafin kasuwa. Harshen jaridar bai zauna masa ba, amma ya san sunan bankin kuma lamba ba ta ɓace masa. Wata safiya ya duba, uku ta zama talatin. Ya sa gilashinsa ya sake dubawa. Talatin ce. Ya rufe shago da rana tsaka, ya sayo wa Shugaba atamfa mai tsada, ya taka rawa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Ranar mai jarida ya raɗa masa sunan. Tun daga lokacin farashin yake rarrafawa sama, yanzu ya kai arba'in da biyar. Bai taɓa zuwa ya taɓa komai ba, domin ko a shago ba ya buɗe agogon da ke tafiya. Ninkawa kawai yake yi da dubu sittin, ya ji daɗin shayinsa. Lissafin ya isa gidan, har da canjin da za a duba gwiwoyin Shugaba.

Auta, 'yarsu mai aikin jinya, ita ta ɗauki hutu ta raka shi ofishin dillalan hannun jari. Ya sa kayansa masu kyau, ya ɗaura agogon da ba ya ɗaurawa sai za shi wurin manya. A bene suka tarar da wata dillaliya sa'ar Auta, fanka na kaɗa takardun teburinta. Ta karɓi tsohuwar shaidar, ta buga lambar a kwamfuta, ta sake duba shaidar.

Shi bai lura da hakan ba. Ya roƙe ta, kafin a sayar, ta nuna wa Auta tarihin farashin, don yarinyar nan tana makarantar kwana lokacin, ba ta ga ranar da abin ya tashi ba, kuma har yau tana cewa ƙari yake yi. Dillaliyar ta juyo musu da fuskar kwamfutar.

Layi ne shuɗi. Ya faro daga can sama a hagu, ya gangaro, ya gangaro, ya kwanta a ƙasa ya daɗe, sannan ya ɗan ɗaga kai a dama. Tsohon ya nemi tsallen, bai gan shi ba. Ya ce ta yi kuskuren banki. Ta ce shi ne. Ya ce to ta kai shi shekarar da ya saya. Ta kai shi. Lambar da ta fito tamanin ce.

"'Yata, takwas na saya. Da hannuna na biya."

"Takwas ka saya, Baba, ba ka yi ƙarya ba." Ta gyara zama. "Ranar nan da kake nema, ba tashi ya yi ba. Banki ya ga farashinsa ya yi ƙasa da yawa, sai ya dunƙule hannayen jarin, kowane goma ya koma ɗaya. Mai goma 'yan uku-uku ya wayi gari da ɗaya na talatin. Ko sisi bai ƙaru ba. Shi ya sa a nan aka ninka tsofaffin farashin sau goma, don layin ya faɗi gaskiya. Takwas ɗinka ta jiya, tamanin ce a ma'aunin yau."

"Dubu sittin ɗina fa?"

"Tun ranar dubu shida ne."

Da ma a ce bai gane ba. Amma mutum ne da ya yi rayuwarsa a kan ƙananan haƙoran ƙarfe, ya san yadda juyi goma na ƙaramin gargare ke zama juyi ɗaya na babba. Kafin ta rufe baki ya gama lissafin. Abin da ke hannunsa bai kai kuɗin ƙofofi da tagogin gidan ba. Bai ma kai abin da Shugaba ta miƙa masa ba.

Auta ta taso da faɗa. Ta yaya za a yi wa mutum haka ba a gaya masa ba? Dillaliyar ta ce an sanar, an buga a jaridu mako guda, watakila ma a shafin da ke kallon wanda Baba ke dubawa. Ya ɗaga wa Auta hannu ta yi shiru. Ya matso da kujera, ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar, ya bi layin tun daga sama. Nan ne Shugaba ta daina yi masa hira. Nan ne aka yi wa bayan gari kwalta. A wurin da ya yi rawa, layin kwance yake, ko motsi bai yi ba. Ya bi shi har ƙarshe. Layin bai taɓa komawa inda ya faro ba.

Dillaliyar ta ce akwai 'yar ribar shekaru da bai karɓa ba, ba yawa, za a iya haɗawa. Ta tambaya ko a sayar.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Sai na tambayi mai shi."

A cikin bas Auta ta yi ta kawo shawara. A ci bashi, a kira yayyenta, ko a ce wa Inna kasuwa ce ta faɗi jiya, ai tana faɗuwa. Ya ce bashin da zai sayi gida ba a ba mai shekarunsa, yayyenta kuma da kyar suke biyan tasu hayar. Ya sauka kafin unguwarsu, ya je shagon ɗan mai gidan, ya janye maganarsa a tsaye. Mutumin ya yi ta ba shi haƙuri kamar shi ya yi laifin, amma tsohon ya ga yadda kafaɗunsa suka sauka. Da alama akwai mai jiran ya ba da fiye da haka.

Da ya shiga gida ya tarar da guduma a kan tebur. Shekara talatin Shugaba ba ta buga ƙusa a bangon nan ba, cewa take gidan mutane ne. Madubinta ma a ƙasa yake jingine, sai ta sunkuya take ɗaura ɗankwali. Yau yana rataye daidai tsayinta. Tana zaune ta miƙe ƙafa, tana gaya masa ta yi magana da magini zai rage tsayin dakalin ƙofar banɗaki.

Ya zauna a gabanta ya faɗa mata, yadda aka faɗa masa, goma da ɗaya, takwas da tamanin. Bai rage komai ba. Ta saurara tana shafa gwiwa.

"Wato atamfar nan?"

"Kuɗin shago ne."

"Rawar fa?"

"Ta banza."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Sai ta daɗe tana kallon madubin.

"Ranar rawar nan na ba ka haƙuri," ta ce. "Ka tuna? Na durƙusa. Tun lokacin nake jin kunyar fushin da na yi maka."

Ya ce ya tuna. Ya jira sauran, gorin fili, kwaltar, kantin maganin. Bai zo ba. Ta tambaya abin da ya rage me zai iya yi. Ya ce hayar ɗaki biyu, ta shekara biyu ko uku, in an yi sa'a. Ya ce kuɗinta ne, sai abin da ta ce.

"A sayar. Ka nemo a ƙasa, ba na iya hawa bene."

Washegari ya bi ta gaban mai jarida domin babu wata hanyar zuwa shago. Mutumin ya riga ya buɗe masa shafin, yana ɗaga masa.

"Mai Banki! Yau ma ka ƙara ɗaya. Ranar da za ka raba kar ka manta da talakanka."

Tsohon ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya wuce.

Da yamma ya dawo da filaya da ɗan siminti a ƙunshe. Shugaba ta riga ta sauke madubin ta jingine shi inda yake a da. Ya zare ƙusar a hankali don kar bangon ya ɓantare, ya cika ramin, ya shafe da babban yatsa. Tana daga kujera tana kallo, ta ce gefen hagu bai yi daidai ba. Ya sake shafawa.