Mai Gadi Ya Hana Injiniya Shiga

Injiniya ta dawo ofis da hantsi bayan doguwar jinya, ɗinkin tiyata bai ma daina mata ƙaiƙayi ba. Ta zauna, ta kunna kwamfuta don ta duba kwantenonin kamfanin, wato ƙananan akwatunan manhaja da kowane aiki ke gudana a cikin nasa.

Allon ya ce: An hana.

Abin haushin, wanda ya hana ta ɗin aikin hannunta ne. Da can manhajar kwantenar ba ruwanta da babba ko yaro, duk wanda ya shiga sai ya yi abin da ya ga dama. Shi ya sa bara ta rubuta wani ƙari ta liƙa mata, kowane umarni sai ya bi ta gabansa ya ce e ko a'a. 'Yan ofis suka raɗa masa Mai Gadi. Bai tsaya kan kalmar sirri ba, har yadda yatsun mutum ke sauka a kan madannai yake saurare. Kuma don tsabar iyayi, ta tsara cewa ko cire shi za a yi sai da izininta, izinin ma ta hannunsa zai bi.

Ta sake gwadawa. An hana.

Dogo, abokin aikinta na teburin gefe, ya ƙyalƙyale da dariya. "Yau ake yinta! Mai gadinki ya tsare ki a bakin ƙofa."

"Bar dariya ka duba min dalili."

Ya duba. Dariyar ta ɗauke.

"Ya ce ai kina ciki."

"Ina ciki kamar yaya?"

"Ba ke kika ce mutum ɗaya shiga ɗaya ba? To, tun ranar da aka shiga da ke tiyata kike ciki, ba ki fita ba." Ya juyo mata da allonsa. Ga sunanta nan, yana tada wannan kwantena, yana kashe waccan, cikin natsuwa. Ta dubi ranar da sunan ya shiga. Ranar ce likita ya ce zuciyarta ta ɗan tsaya kafin ta dawo.

"Ɓarawo ne ya saci kalmata."

"Har da yatsunki ya sata?" Dogo ya sassauta murya. "Mu fa mun ɗauka daga gadon asibiti kike aiki. Manaja har yabonki ya yi."

"Ka kore shi."

"Sai da izininki."

Ta miƙa hannu kan madannai, ta ga yatsun suna laluben haruffan da suka sani tun tana ɗaliba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ko a ɗakin tiyata ba ta ji ba.

Sai saƙo ya faɗo a allon Dogo, da sunanta: "Dogo, surutu aka kawo ka yi? Kwantenarka tana cinye mana wuri, ka gyara kafin in zo kanka."

Ta ga bakinsa ya motsa zai yi murmushi, ya danne.

"Dogo, dube ni. Ni ce fa."

Ya dube ta ya daɗe, da tausayi, yadda ake duban baƙon da ya ɓata hanya.

"Na sani," ya ce. "Ki yi haƙuri. Wallahi ta cikin nan ita ta fi kama da ke."

Ya juya ya fara gyara kwantenar.