Ranar da Babur Ya Cika

A unguwar masunta da ke bakin teku a garin Padang ba wanda bai san ƙasa na girgiza ba. Yusnidar ma ta sani, lokacin jin tsoro ne ba ta da shi. Ga tukunyar shinkafa da miyar kwakwa da take kaiwa bakin kasuwa kullum safiya, ga uwarta, Amak, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara huɗu. In ma'aikatan gwamnati suka zo suna cewa bayan babbar girgiza rabin awa kacal ake da ita a hau tudu kafin teku ya taso, dariya take yi. Wannan lissafin na masu ƙafa ne da masu mota. Ita ko juya Amak a kan katifa sai ta yi nishi.

Yayanta Darwis ne ya sa ta ɗauki abin da gaske. Shi ne shugaban 'yan sa-kai na unguwa, mai usur da jar hula, mutum mai son a gan shi. Kamar kowane namiji a wurinsu, da ya yi aure gidan dangin matarsa ya tare, layi uku daga nasu, amma nauyin gidan uwarsa na wuyansa. Ya zaunar da ita ya rantse cewa da jiniya ta yi kuka zai zo da babur ɗinsa mai ƙafa uku, ita dai ta fito da Amak bakin ƙofa.

Sau uku aka yi atisaye, sau uku yana zuwa. Ya ciccibi tsohuwa da kansa, ana ɗaukar hoto, ana sa masa albarka. Yusnidar na asarar cinikin safiya, amma hankalinta ya kwanta. Abin da ba wanda ya lura da shi, tun saura mako ake sanar da ranar atisaye, kuma matar Darwis da 'ya'yansu huɗu da surukarsa ba sa fitowa, wai su ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne. Shi ya sa babur ke zuwa ba kowa a ciki.

Wata Talata, ana shirin la'asar, ƙasa ta yi girgizar da ta zubar da kwanuka ta tsaga bangon kicin. Jiniya ta ɗauka. Yusnidar ta ja Amak a kan tabarma har bakin ƙofa, gwiwoyinta na jini. Maƙwabcinsu Buyung ya tsaya da amalanken kifinsa, ya ce a ɗora tsohuwa su tura tare. Ta ce ya je abinsa, yayanta na hanya. Ya sake roƙo, ta sake ƙi, ya wuce.

Sai ga ƙarar babur. Ta miƙe tana ɗaga hannu. A bakin layi ya rage gudu, babur cike maƙil da yara da mata har da kejin tsuntsun surukarsa. Suka haɗa ido. Ya kau da kai, ya ƙara mai.

Amak ta tambaya ko Darwis ne. Yusnidar ta ce ba shi ba ne. Suka zauna su biyu a unguwar da ta zama kufai, bayansu na kallon teku, don ta kasa juyawa ta duba. Ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma haushi ya fi tsoron yawa.

Teku bai taso ba. Kafin magariba mutane suka fara dawowa.

Kwana biyu Darwis bai leƙo ba. Da ya zo, da ledar lemo ya zo, yana surutu kamar an kunna rediyo. Ya ce shi fa ya san ruwan ba zai zo ba, irin girgizar ba ta tayar da teku.

"To, Yaya, tunda ka sani, me ya kai ka kan tudu?"

Ya sosa ƙeya, ya ce yara ne suka tsorata. Ta ce masa kejin tsuntsu ma ya samu wuri. Ya gyara hula, ya rage murya, ya ce Asabar akwai atisaye na musamman, manya za su zo daga birni, don Allah ta fito da Amak da wuri.

Yusnidar ta buɗe baki za ta kore shi, sai muryar tsohuwa ta fito daga ɗaki, a hankali.

"Yus, na gan shi ranar, ba makauniya ba ce ni. Ki wanke min zanena mai kyau. Kar a ba ɗana kunya a gaban mutane."