Yau Gwaggo Za Ta Riƙe

Mai walda ya tsayar da babur a ƙofar gidan yayarsa, bai kashe ba. Ya hango ta tana shanya.

"Yaya, ɗauko mayafinki. Asibiti za mu."

"Jikin Tsuntsuwa ne?"

"Hau kawai."

Tsuntsuwa 'yarsa ce, ta ɗan haura shekara biyu. Bakwaini aka haife ta, kuma tun lokacin ta roba take cin abinci, wata siririya da ake zurawa ta hanci har ciki, a manne ta da filasta a kumatu. Sai bana ta fara yarda da cokali. Ta lasa, ta kawar da kai. Likita ya ce kada a matsa mata ko da wasa, in ta rufe baki a ƙyale ta. Haka shi da matarsa suka yi ta lallaɓawa, har ranar da ta wangale baki da kanta kamar ɗan tsuntsu ta karɓi ayaba. Daga nan sunan ya bi ta. Watan jiya aka cire robar.

Sai Yaya ta zo wuni, matar gidan ta shiga wanka. Yaya ta ga yarinya tana wasa da abinci, ta kwantar da ita a cinya, ta toshe mata hanci, ta yi mata ɗura. Yarinyar ta ƙware, ta yi ta amai. Tun ranar ba ta yarda cokali ya kusanci bakinta. Yau likita ya auna ta, ya ce a mayar da robar.

A hanya Yaya ta matso da baki kusa da kunnensa.

"Auta, ni fa taimako na yi. Kai ma haka na yi maka, ga ka nan ƙato kamar buhun siminti."

Ya ga rami a titi, bai kauce ba.

Abin da ya fi ci masa rai, yarinyar cokali ta tsana, ba Gwaggonta ba. Amma ya san abin da Yaya ba ta sani ba. Ba a sa roba sai an danne yaro. Shi yake dannewa kullum, don matarsa ba ta iyawa. Kuma duk lokacin da ya danne, Tsuntsuwa sai ta yi kwanaki tana gudunsa, ko inuwarsa ta gani ta shige bayan uwarta.

A ɗakin yara matarsa na zaune da yarinyar a cinya. Wuyan yarinyar ya ƙara sirancewa. Tana ganin Gwaggo ta miƙa hannu.

"Me ya kawo ta?" matar ta tambaya a hankali.

"Aiki."

Nas ta turo tire. Ta naɗe yarinyar a tawul, ta gwada tsawon robar daga hanci zuwa kunne, daga kunne zuwa ciki.

"Baban yarinya, zo ka riƙe mana kamar kullum."

"Yau Gwaggonta za ta riƙe," ya ce. "Ta iya danne yaro."

Yaya ta dube shi. Ta ajiye jakarta, ta zauna a bakin gado.

"Kan za ki riƙe da kyau, Gwaggo," in ji nas. "Ko ta yi yaya, kada ki saki."

Robar na shiga, yarinyar ta banƙare. Kukan ya fito a shaƙe. Da shi ne, da ya sa baki a kunnenta yana yi mata ƙarar babur har a gama. Yau yana jikin ƙofa, ya harɗe hannu. Idanunta suka zagaya ɗakin suka same shi.

"Baba."

Bai motsa ba.

Robar ta lanƙwashe, ta leƙo ta baki. Nas ta zare, ta sake daga farko. Hawayen Yaya na ɗiga a kan tawul.

"Auta, don Allah zo ka karɓe ni."

"Ƙarasa, Yaya. Taimako ne."

"Baba," yarinyar ta sake cewa, muryar ta dishe.

A karo na biyu robar ta shiga. Nas ta ja da sirinji ta duba, ta manna filasta, ta kwance tawul. Yaya ta kasa ɗaga kai. Wani sanyi ya ratsa ƙirjin mai walda, irin wanda bai ji ba tun ranar ɗurar.

Ya tako, ya durƙusa, ya buɗe hannu.

"Zo, Tsuntsuwata. Zo wajen Baba."

Ta dube shi, tana ajiyar zuciya. Sai ta juya, ta cusa fuska a wuyan Gwaggo, ta damƙe mayafin da hannu biyu.

Ya daɗe a durƙushe. Matarsa ta tattara sirinji da gwangwanin madara a leda, ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba.

"Riƙe wannan," ta ce.