Ƙwallon da Mickey Ya Rubuta wa Suna

Dolores ta tare mijinta a bakin ƙofa tun bai gama saka hula ba.

"Stanley, ka bar min ƙwallon yaron nan a gida."

"Haba Dolores. Yau fa da 'yan St. Louis za mu kara. Yaushe Mickey ya taɓa fashin wasansu?"

Ta dube shi, ta matsa. Shekara tara ke nan da mota ta kaɗe ɗansu Mickey ya rasu, kuma rubutun hannunsa da ya rage musu a duniya shi ne "Ta Babana" da ya yi da jan biro a jikin wata ƙwallon besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, yana ɗan shekara bakwai. Ƙwallayen da Stanley ya tara sun haura ɗari uku, kowace a akwatin gilashinta, sun cinye falo har sun fara leƙa kicin. Wasu saye, wasu musaya. Amma wadda ya cafe da hannunsa a fili babu ko ɗaya, abin kuma yana cin ransa fiye da yadda ya kamaci mai furfura.

Ya sa ta Mickey a aljihun hagu na kwat, ta yaudara a na dama. A bencinan 'yan kallo na bayan katanga a filin wasan Chicago, in ɗan wasan abokan gaba ya maka ƙwallo ta faɗo hannunka, dole ka jefa musu tsiyarsu cikin fili. Tsofaffin hannu kuwa sukan zo da wata ta banza, su jefa ita, su soke ta gasken.

Augie, maƙwabcin bencinsa na shekara talatin, yana ganinsa ya fara.

"Kai tsoho, har yau da safar fatar nan ta cafe ƙwallo? Shekara arba'in ko tattabara ba ta kama ba."

"Goge bakinka tukuna, miya har kunne."

Rana ta buɗe, Stanley ya tuɓe kwat ya kife ta a kan cinya. A zagaye na takwas ana kunnen doki, wani zabgegen ɗan St. Louis ya maka wa ƙwallo sanda. Ƙarar kaɗai ta isa kowa ya san wannan ta tafi. Stanley ya miƙe, ya ɗaga hannu, sai ji ya yi tafinsa ya ɗau zafi. Ya leƙa cikin safar, ga ta nan zaune. Wallahi saura kaɗan ya yi kuka.

"Mayar musu! Mayar musu!"

Bencin gaba ɗaya ya ɗauka. Wani ya watsa masa giya a ƙeya.

"Yi sauri, mutumina, kafin su cinye mu ɗanye," in ji Augie.

Ya zauna, ya cusa hannu ƙarƙashin kwat, ya saki ta gasken, ya zaro wadda ke ɓangaren damansa, ya wurga iya ƙarfinsa. Aka kaure da ihu, ana dukan kafaɗarsa. Mai tsaron baya ya tsince ta ko dubawa bai yi ba, ya cilla wa 'yan kallon can ɗaya gefen. Hannuwa suka haɗiye ta.

An ci 'yan Chicago biyar da uku, Stanley ko a jikinsa. Sai a jirgin ƙasa ya laluba aljihun dama, ya ji ta yaudara tana nan daram. Ya laluba na hagu inda ya sa ta Mickey, wayam. A nan ya tuna kwat ɗin a kife take.

Ya sauka a tashar gaba ya koma filin da gudun da gwiwoyinsa suka manta. Masu shara kawai ya tarar.

"Mutum dubu arba'in fa, Baba," in ji ɗayansu. "Wa za mu tambaya?"

Da yamma ya shigo gida. Dolores na zaune a tebur, ta buɗe akwatin gilashin Mickey ta goge shi tas, kamar yadda take yi duk ranar wasa. Ta miƙo hannu. Sai ya ɗora mata sabuwar. Ta juya ta sau ɗaya, sau biyu, ta ɗauko tabarau ta sake juyawa.

"Wannan ta wace ce?"

"Ni na cafe ta, Dolores. Da hannuna."

Ta ajiye masa abarsa a gabansa. Sannan ta rufe akwatin haka nan babu komai, ta mayar da shi mazauninsa.