Gonar Kure

Tun daga gadar Nyanya motoci suka cure, ba gaba ba baya. Zakiyyu ya rage muryar rediyo, ya leƙa kai ta taga, ya hango wata tirela ta gitta a can gaba, masu babura suna ta kurɗawa ta gefenta. Ya ja tsaki.

"Ina muka iso?" in ji mahaifinsa.

"Nyanya, Baffa. Ko Abuja ba mu gama fita ba."

"To, ai dai mun kamo hanya."

Malam Maude na zaune a kujerar gaba, sandarsa ta kiwo tsakanin gwiwoyinsa, malafa a kan cinya. Fuskarsa na fuskantar gilashi kamar mai kallon hanya, amma ba abin da yake gani sai haske da inuwa. Watan jiya likitan ido ya ja Zakiyyu gefe ya gaya masa jijiyar ta riga ta mutu, ba aikin da za a yi. Da an kawo shi da wuri, in ji likitan, da an tsayar da abin.

Tun ranar da Zakiyyu ya shiga rugarsu a Paikon Kore da motarsa ta farko, yara na biye da ita da gudu, tsohon ya shafa ƙarfen motar ya ce, "Wata rana ka kai ni wajen Farin Ruwa." Zakiyyu ya ce sai an yi hutu. Hutu ya zo, ya tafi kwas Legas. Wani hutun ya zo, ya tafi Umra. Daga nan gini ya cinye shi, daga nan aka ce hanya ba lafiya. Duk lokacin da ya kai ziyara, sai an zo sallama tsohon zai maimaita maganar, sau ɗaya, ba naci, shi kuma ya ce in sha Allah. Ya san Farin Ruwa wani ruwa ne mai zubowa daga kan tsauni, amma a zuciyarsa yana ganin sha'awa ce irin ta tsofaffi, ta son ganin wuraren da suka taka da ƙuruciya.

Maganar likitan ce ta hana shi sukuni. Sai ya ɗauki hutun shekara a tsakiyar damina, ya tsara tafiyar da ta fi wadda aka roƙe shi: Farin Ruwa tukuna, sannan su haura Jos su kwana cikin duwatsu, washegari su gangara Yankari. Matarsa Hussaina ta dube shi ta ce, "Mutumin da ba ya gani za ka kai kallon giwa?" Ya ce ko iskar wurin ya shaƙa ai an rage wani abu.

Rana ta ɗaga kafin su kuɓuta daga Mararaba. A Uke ya tsaya inda mata ke gasa kifi a bakin titi, ya ce su ɗan taɓa wani abu.

"Ba na jin yunwa," in ji tsohon. "Amma in akwai goro mai kyau, saya mini. Da gishiri, da sabulu. Ba a shiga gidan mutum hannu rabbana."

"Gidan wa za mu shiga, Baffa?"

Kafin tsohon ya buɗe baki wayar Zakiyyu ta yi ƙara. Daga ofis ne, ana neman wani fayil. Ya fita yana ta bayani yana kai da komo a gindin bishiya, har ya sayi kayan ya zuba a bayan mota waya na manne da kunnensa. Ko da ya dawo ya tada mota, tambayar ta fice masa daga rai.

Bayan Akwanga ƙasa ta sauya. Tsaunuka suka taso kore shar, gajimare na zaune a kawunansu, hanya na hawa tana gangara, wani wurin kwazazzabo ya buɗe baki a gefe. Zakiyyu ya shiga ba da labarin abin da yake gani, da murya mai ƙarfi kamar wanda aka sa aiki.

"Ga wani dutse a dama, Baffa, babba ƙwarai. Ga kuma wani kwari mai zurfi. Wurin dai akwai kyau."

"Dutsen yana da tsaga a tsakiya?"

"Yana da ita."

"Ta bayansa burtali ya bi. Nan muke gangarowa da shanu daga tudu in ciyawa ta ƙare. Ƙasan kwarin akwai rafi mai sanyi, saniya ba ta son shansa sai rana ta take."

Zakiyyu ya mai da idonsa kan hanya. Shi da ke da idon, abin da ya iya cewa ke nan, babba da zurfi da kyau.

Sun bar kwalta sun kama hanyar laka, mota na tangaɗi, sai ga Farin Ruwa can nesa a jikin tsauni, fari fat, kamar an rataya rawani daga sama har ƙasa. Zakiyyu ya taka birki ba shiri.

"Baffa, ga shi! Wallahi ga ruwan can!"

"Madalla. Kafin a kai gare shi akwai ƙauye a hagu. Ka tsaya nan ka tambayi gidan Kure."

"Ba wajen ruwan za mu ba?"

"Ka tambayi gidan Kure."

Ba su sha wuyar nema ba. Wani mai faci ya nuna musu gida mai jan kwano kusa da coci. A tsakar gidan suka tarar da wata mata da ta ɗan girmi Zakiyyu tana ɓare gyaɗa. Ta miƙe ta goge hannu a zane, ta kawo benci, ta ce sunanta Catherine.

"Kure muke nema," in ji Malam Maude bayan an gaisa. "Ki ce masa baƙonsa ne na bakin kwazazzabo."

Matar ta dubi tsohon, ta dubi sandarsa, ta dubi Zakiyyu.

"Baba ya rasu," ta ce a hankali. "Bara, da farkon ruwa."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Leɓunansa suka yi motsi, ya daɗe a haka. Kaji na ta tsattsagar ɓawon gyaɗa a kusa da ƙafarsa.

"Kai ne Bafulatanin Baba," in ji Catherine. Ba tambaya take yi ba. "Kullum in shanu sun wuce sai ya fita ya tambaye su, ko sun san Maude. Har da ya kwanta ciwo yana cewa za ka zo." Ta juya wajen Zakiyyu, ta dafe ƙirji. "To kai ne yaron? Kai! Mamana ce ta goya ka. Ni ina ƙarama, ina tuna kukanka, ka ƙi kunu, ka ƙi kowa."

Zakiyyu ya juya ya dubi mahaifinsa. Abin da ya sani game da mahaifiyarsa bai fi cikin cokali ba. Ana kiranta Dada, ta rasu a hanya lokacin ƙaura yana jinjiri, goggonsa ta raine shi. A gidansu ba a tambayar irin wannan. Mahaifinsa ko sunansa ba ya kira, saboda ɗan fari ne, balle ya zauna ya yi masa hirar matarsa.

"Zazzaɓi ne ya kama ta a nan," in ji tsohon, fuskarsa na kallon ƙasa. "Ba mu san kowa ba. Mutumin nan ya ɗauke ta a kekensa ya kawo ta gidansa. Da rai ya yi halinsa, ya ba ni gefen gonarsa, ya kama mini haƙa kabari. Ya ce muddin yana numfashi garma ba za ta taɓa wurin ba." Ya ɗaga kai. "'Yata, gonar tana nan?"

Catherine ta gyara ɗaurin zanenta. "Tana nan, Baba. Mu je."

Mota ba ta shiga, da ƙafa suka tafi. Zakiyyu na riƙe da hannun mahaifinsa, takalminsa na ofis na nutsewa cikin taɓo. Tun daga nesa ake jin rurin ruwan, ƙasa-ƙasa, ba ya yankewa. Da suka iso sai ga masara ta fi tsayin mutum, ta cika wurin tun daga bakin hanya har gaɓar kwazazzabo, ganye na kaɗawa.

"Akwai ɗorawa," in ji Malam Maude. "In ka ba ta baya, ka sa ƙarar ruwa a kunnen dama, za ka ga duwatsu a jere."

Zakiyyu ya duba gabas ya duba yamma. Ba bishiya ko ɗaya.

"Iska ta kayar da ɗorawar tun Baba na da rai," in ji Catherine. "Duwatsun kuma suna nan har ya rasu, shi da kansa yake nome ciyawar wurin. Bayan jana'iza ni na koma Nyanya wajen shagona. Ƙanena Thaddeus ya zo daga Legas, bai san labarin ba, ya ɗauko tarakta ta bi gonar duka. Ko da na dawo an gama. Na yi kuka, na yi masa faɗa, amma an gama. Baba, ka yi haƙuri."

"Ba laifinsa. Gonarsu ce. Uban ya cika alkawarinsa har da ƙari."

"Ina ganin daga nan ne zuwa can," ta ce, ta zana wani fili da hannu wanda zai ɗauki gida guda. "Ko kuma gaba kaɗan. Ban tabbata ba."

Zakiyyu ya saki hannun tsohon ya kutsa cikin masarar. Ganye na yankar fuskarsa, danshin ruwan sama ya jiƙa masa riga. Ya duƙa yana tona gindin kunya da yatsu. Ya sami dutse, ya ɗauka na kabarin ne, sai ya ga wani a gaba, da wani, ko'ina duwatsu ne, ƙasar tsauni ce. Ya nemi kututturen ɗorawa, babu. Ya yi ta zagaye har ya rasa ta inda ya shigo, sai muryar Catherine ce ta fito da shi.

Ya tarar da mahaifinsa tsaye inda ya bar shi, ya dogara da sanda.

"Ban gani ba, Baffa."

"Na sani. Da da idona ne, ko cikin masarar zan kai ka kai tsaye." Ya faɗe shi ba tare da ɗaci ba, kamar mai faɗin farashin hatsi.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?" in ji Zakiyyu. "Da na san wannan ne, wallahi a ranar zan kawo ka."

"Na ce ka kai ni."

"Ba ka ce don wannan ba ne!"

"Ba ka tambaya ba. Ni kuma bakina ba ya iya ɗaukar maganarta a gabanka. Na ce in mun zo, sai in nuna maka da sanda, ba sai na yi magana ba." Ya gyara tsayuwa. "Juya ni in fuskanci gonar. Duk inda take a ciki, addu'a za ta same ta."

Suka ɗaga hannu su biyu. Catherine ta ja baya kaɗan, ta rufe kanta da gefen zane, ta sunkuyar da kai ita ma. Zakiyyu ya buɗe baki ya ga bai san da wace fuska zai tuna wadda yake yi wa addu'ar ba. Abin da ke gabansa masara ce kawai.

A gida Catherine ta karɓi goron da gishirin da sabulun da hannu biyu, ta ce za ta raba wa tsofaffin da suka yi zamani da mahaifinta. Ta ba su ruwan alwala, ta shimfiɗa musu sabuwar tabarma a rumfa suka yi la'asar. Zakiyyu ya dubi rana ta karkata. In za su kai Jos da haske, yanzu ya kamata su tashi. Bai motsa ba.

Sai ga ta da faranti, masara gasasshiya tana tururi.

"Sabuwa ce, yanzu na karyo a gonar da muna dawowa," ta ce. Sai kuma ta tsaya cak da farantin a hannu, ta gane abin da ta faɗa. "Wayyo, Oga, ban yi tunani ba. Bari in kawo gyaɗa."

"Kawo nan, 'yata," in ji Malam Maude.

Ya lalubo guda, ya karya ta biyu, ya yi bisimilla ya kai baki. Ɗaya rabin ya miƙa ta inda yake jin numfashin ɗansa. Zakiyyu ya karɓa ya riƙe, zafinta na ƙona masa tafin hannu, ya kasa kai ta baki.

"Ci," in ji tsohon. "Marigayiya ba ta son a bar abinci. Ko ƙwaya ta faɗi ƙasa sai ta tsince ta, ta hure, ta ba kaza."

Zakiyyu ya gutsiri kaɗan. Ya tauna da ƙyar ya haɗiye.

"Baffa," ya ce, "doguwa ce?"

Catherine ta ajiye farantin, ta jawo kujerar tsuguno ta zauna a bakin rumfa.

"A'a," in ji Malam Maude. "Gajera ce. Amma in ana tafiya, ba wanda ke cim mata."

Zakiyyu ya cire takalminsa da ya jiƙe ya ture gefe, ya tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, ya matso kusa.