Rigar Barcin Auta

Duk layin an san halin keken ɗinkin Mai Almakashi: abin da ta rage a jikin riga, jikin mai rigar ma sai ya ragu. Matan da ƙiba ta dame su ne manyan masu zuwa shagonta. Takan ɗan tsuke musu ƙugu, su fita suna yauƙi kamar ba su ne suka shigo da nishi ba.

Ita kuwa damuwarta Auta ce, 'yarta ɗaya da ta rage a gida. Yarinyar ta yi tsawo har ta wuce ta, ta sami gurbin karatu a wani gari mai nisa, ba ta da zance sai na tafiya. Uwar tana tsoron zama ita kaɗai, tsoro mai tsanani, amma bakinta ya kasa faɗi.

Sai ta ɗauki rigar barcin Auta ta rage faɗin ɗan yatsa daga ƙasa, wai don yarinyar ta tuna ita yarinya ce. Da safe sai da Auta ta yi ɗage kafin ta ciro tawul daga ƙusa. Bayan kwana biyu sai ta dawo da zancen tafiya. Uwar ta sake ragewa. Daga nan hannu ya saba, ko musu suka yi sai ta nufi keke.

Ranar da Auta ta kasa kaiwa ga mariƙin ƙofa, ta zo ta tsaya gefen keken, kanta bai kai tebur ba.

"Mama, na san ke ce," ta ce da 'yar siririyar murya. "Na fasa tafiyar. Ki mayar da ni yadda nake."

Kunya da nadama suka rufe uwar. Ta juya rigar, ta ɗauki reza za ta warware ɗinkin ta saki yadin. Babu abin saki. Ita mace ce mai tsabtar aiki, ba ta barin rarar yadi a cikin ɗinki. Duk ragin da ta yi almakashi ya bi bayansa, guntayen kuma tuni sun tafi da shara.

Auta ta daɗe tana kallon bakin rigar, sannan ta ɗaga hannuwa biyu a ɗora ta a kujera. Uwar ta sunkuya ta ɗauke ta cak, babu nauyi ko kaɗan. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne daɗin da ta ji a ranta.