Maharbin da Ya Kafa Unguwar Madam Han

Wata huɗu ina wanke kwanoni a gidan abincin Madam Han a Lyon ta Faransa, hannuna har ya fara saɓa. Rannan ta ce za ta gwada ni a kai wa baƙi abinci. In na ci, na rabu da kumfa. In na faɗi, na koma.

A bango akwai babban hoton unguwarsu a Busan ta Koriya, gidaje shuɗi da ruwan ɗorawa sun hau kan juna a jikin dutse. Baƙi na yawan tambaya a kai, don haka ta ba ni takarda shafi uku da Faransanci, tarihin unguwar, in haddace. Ni da na bar lakol, wato makarantar boko, tun a Damagaram. Na buɗe ta a cikin jirgin ƙasa na metro, layi biyu na karanta na ninke.

Teburina na farko, wani tsoho da matarsa Madeleine. Ta nuna hoton.

"Wa ya kafa wannan wuri?"

To, a wurinmu ba garin da ba a san yadda aka kafa shi ba. Na gyara tsayuwa.

"Wani maharbi ne. Ya biyo barewa, ƙishi ya kama shi, ya sami rijiya a gindin tsamiya, ya kafa bukka. Ƙannensa suka biyo shi."

"Tsamiya a Koriya?" in ji tsohon.

"Ita kaɗai ce. Shi ya sa ya tsaya."

Sai na ji numfashi a bayana. Madam Han ce, riƙe da ludayi.

"Idrissa, wane maharbi?"

"Kakanku, Madam."

"Kakana tela ne. Yaƙi ya koro su daga arewa, suka tarar cikin gari ya cika, suka hau dutse suka yi ɗaki da kwali da gwangwani. Ba rijiya. Uwata daga gindin dutsen take ɗauko ruwa a ka, matakala ɗari da arba'in, sau uku a rana."

Madeleine ta aje cokali tana saurare. Madam ta jawo kujera ta zauna, ta yi ta nuna gidaje da ludayi har miyarsu ta huce. Ni ina tsaye, na riga na fara nannaɗe hannun riga don komawa kwanoni.

Da suka tafi ta kira ni.

"Takardar nan ba ka karanta ba."

"Na fara, Madam."

"Amma bakinka ba ya tsoron mutane. Teburan naka ne. Tarihin kuma da ƙafa za ka koye shi."

Yanzu kullum da safe ni ke hawo da kwalaben ruwa daga ɗakin ƙasa. Matakala goma sha huɗu ce, sau goma nake hawa, tana tsaye a sama tana jira. Jiya da na tsaya a tsakiya ina haki, ta leƙo.

"Maharbi, ka ga rijiyar ne?"